Yadda Ake Fitar da Amon Jita Irin na Duane Eddy

Amon jita mai kauri da kuwwa wanda ya cika kiɗan rock and roll a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya samo asali ne daga wurin da makaɗi yake ɗora yatsunsa kafin a zo kan kayan aiki. Duane Eddy, wanda ya yi fice da wannan salo a 1958 tare da furodusa Lee Hazlewood a birnin Phoenix na jihar Arizona, ya kasance yana buga karin waƙar ne a kan manyan tsirkiyoyi biyu ko uku masu kauri, inda sauran makaɗa suke barinsu domin rakiya kawai.

Saboda haka, abu na farko shi ne ka mayar da karin zuwa waɗannan tsirkiyoyi, ka kaɗa su da ƙarfi kusa da jakin jitar, wato abin da tsirkiyoyin suke hawa a kai a jikinta, domin a nan ne sauti yake fita da kaifi. Tsirkiyoyi masu nauyi sun fi dacewa, ko da yake za su gajiyar da yatsu a makonnin farko. Eddy ya yi amfani da Gretsch 6120, jita mai rami a jikinta, amma duk jitar lantarki mai tsaftataccen sauti za ta wadatar, muddin ba a ƙure amfilifaya har sautin ya dusashe ba.

Daga nan sai kuwwa. Ɗakin ɗaukar sautin da suka yi aiki a ciki ba shi da ɗakin kuwwa, sai aka sayo tankin ruwa mai cin kusan galan 2,000, aka sa lasifika a gefe guda da makirufo a ɗaya gefen. A yau ƙaramar na'urar kuwwa da ake takawa da ƙafa tana yin wannan aiki, sai dai a sa ta da ƙima, tare da ɗan rawar sauti, domin idan ta yi yawa karin yakan nutse.

Idan jitar tana da sandar Bigsby, wato ɗan hannun ƙarfen da ke sassauta tsirkiyoyi ya lanƙwasa sauti, a danna ta a hankali a ƙarshen jimlar kiɗa, sannan a sake ta. Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne haƙuri: a buga sauti kaɗan, a bar kowanne ya yi ta amo har ya kusa ƙarewa kafin a taɓa na gaba.