Yadda za ka yi Umara da ciwon ƙafa ba ka ƙara wa kanka wani ciwon ba

Idan targaɗe ko karaya ta same ka ga biza ta fito ga tikiti an yanka, wajen likita za ka fara zuwa kafin ejan. Ka gaya masa jirgi za ka hau, Kano zuwa Jidda wajen awa 5 ne a zaune, kuma ƙafar da ta ji ciwo kumburi take yi a sama, wani lokaci har jini ya daskare a jijiya, wannan ɗin ba abin wasa ba ne. In siminti aka sa maka, kamfanonin jirgi da yawa ba sa ɗaukar mutum a doguwar tafiya sai ya yi awa 48 da sawa, in kuma dole ne sai an tsaga shi saboda kumburin. Wanda ɗorin gida aka yi masa ma don Allah ya je a ɗauki hoton ƙashin kafin ya tashi.

Sai maganar magani. Ka karɓi takardar likita mai sunanka da sunan maganin, ka bar shi a kwalinsa cikin jakar hannu. Irin su tramadol da codeine Saudiyya ba ta wasa da su ko kaɗan, kar ka zuba su a leda haka kawai, kar kuma ka riƙe wa kowa nasa.

Keken guragu a filin jirgi kyauta ne, amma ka sa ejan ya nema maka aƙalla awa 48 kafin tashi, ka faɗa masa takamaimai ko kana iya hawa matakala ko a'a domin tanadin kowanne daban. Ka nemi kujerar bakin hanya don ka ɗan riƙa motsa ƙafar, ta ƙofar gaggawa kam ba za su ba ka ba.

To inda mutanenmu suka fi cutar kansu shi ne cikin Harami. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya ga Ka'aba ido da ido, sai zuciya ta ɗebe shi ya ce ai shi da ƙafarsa zai yi komai, ga kunyar a gan shi a keke, ga abokan tafiya suna ta sauri ba ya so ya zama shi ne mai jan baya, sai ya cije ya yi ɗawafi da sa'ayi a dare ɗaya, washegari ƙafa ta haye, sauran kwanakin a ɗakin otal yake bin salla ta taga. Wannan yana ba ni tausayi wallahi. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau 7 ya haura kilomita 3 ke nan a kan daɓe mai tauri, ban da ɗawafin. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi ɗawafi a kan raƙumi a hajjin ban kwana, kuma da Ummu Salama ta kai masa kukan rashin lafiya, cewa ya yi ta yi nata a kan abin hawa ta bayan mutane. Sassarfar nan da maza ke yi a zagaye uku na farko na ɗawafi da ta tsakanin korayen fitilu a sa'ayi sunna ce, in ka bar ta Umararka ta yi.

Saboda haka in ka sauka ka fara yin barci tukuna, ka ɗora ƙafa kan filo, ba wanda ya ce sai a daren ka sauke harami. Ka zaɓi lokacin da jama'a suka ragu, ka guji bayan magariba da ranar Juma'a. Akwai kekuna a Harami, akwai masu turawa da hukuma ta san da su, akwai kuma motocin lantarki na haya a benen sama, ka ji kuɗin kafin ka zauna. In da ƙafa za ka yi, ka san zagayen sama ya fi na ƙasa nisa sosai amma ba turmutsutsu, na ƙasa gajere ne sai dai ana iya taka ka. Hajarul Aswad ka yi masa nuni daga nesa ya wadatar. Ka kula da inda aka wanke ko wajen shan zamzam, santsi gare shi.

Otal kuma gara ƙaramin ɗaki kusa da Harami da babba a kan tudu, Makka gari ne na hawa da gangara. Ka sayi ƙaramar kujera mai naɗewa don salla a zaune, ka fita da wuri tun kafin kiran salla, in an idar ka zauna sai cunkoso ya lafa.

Zuwa Madina in aljihu zai ɗauka ka hau jirgin ƙasan Haramain, wajen awa biyu da rabi ne, bas kuwa sai ya kwashe awa 5 zuwa 6 ƙafa a lanƙwashe. Ka gaya wa shugaban tawaga tun daga gida cewa ba duk ziyara za ka bi ba, ya haɗa ka da mutum ɗaya da zai riƙa jiran ka, ku yi musayar lamba, katin otal kuma ya zauna a aljihunka kullum.