Kurakuran da ake tafkawa a farkon asaimen ɗin grup

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya duk zango. Lakcara ya raba aji gida-gida, kafin a fita daga hol an buɗe grup a WhatsApp har da sa masa hoto, shi ke nan kowa ya kama gabansa wai an fara aiki. Ba a fara komai ba malam. Haka grup ɗin zai zauna babu abin da ke shiga sai sallama da sitika da "ya ake ciki ne?"

Wanda ya fi ci min rai shi ne rabon aiki da baki. Wane kai ka yi gabatarwa, wance ke ki nemo mana bayanai, kowa ya ce to, babu wanda ya rubuta, babu ranar kawowa. Abin nan ya taɓa cinye mana makin CA, wato makin ayyukan zango kafin jarrabawa, ranar miƙawa mutum biyu suka zo da sashe iri ɗaya, sashen da lakcara ya fi nanatawa kuma babu wanda ya taɓa shi, wani bawan Allah ma wayarsa a kashe, da aka same shi ya ce ai shi bai san an ba shi komai ba, amma fa yana so a sa sunansa da lambarsa a bango! Haba jama'a. Ni yanzu ba na yarda sai an zauna ido da ido ko a gindin bishiya ne, takarda ɗaya, suna, sashe, rana, a ɗauki hotonta a tura grup. Ranar da nake sawa kuma kwana uku kafin ta lakcara, don sai an ɗauke wuta, sai data ta ƙare wa wani, sai wani ya tafi biki gida.

Kuma don Allah kafin ku raba ku karanta tambayar tare. In kun yi saɓani a kan me ake nema, mutum ɗaya ya je ofis ya tambaya tun a satin farko.

Sai kuɗin firintin da bayindin. A karɓa tun ranar farko a hannun mutum ɗaya, "zan tura maka anjima" ba kuɗi ba ne, ƙarshenta wanda ya je shago shi zai biya daga aljihunsa ya koma bin mutane bashi.

Kar a naɗa shugaba don ya fi kowa surutu, a ba wanda ke ɗaga waya.

Kar aikin ya zauna a fulash ɗaya ko laftof ɗin mutum ɗaya, ni Google Docs nake buɗewa, shafin rubutu a intanet, kowa ya zuba nasa, a nan ake gane wanda bai rubuta ko layi ba.

Masu turo bois na minti biyar kuma, ku rubuta, babu mai saurare.