Yadda za ka gane ko likitan cututtukan cikin jiki ne ya dace da kai

Mutane da yawa da sun ji an ce likitan cikin jiki sai su ɗauka na ciwon ciki ne kawai, ko mai tiyata. A'a. Likitan manya ne kuma ba ya yanka, aikinsa gano cuta ya bi ta da magani, musamman masu zama da mutum shekara da shekaru irinsu hawan jini, suga, ƙoda, hanta, asma, zuciya.

Toh in ka samu bayanin da aka rubuta a kan wani likita, fara duba karatunsa. Bayan digirin likitanci dole sai ya ƙara horo a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, a Amurka shekara 3 ne, wasu ƙasashen ya fi haka. Wasu daga nan suke ƙara zurfafawa a abu ɗaya, wannan ƙoda, wancan zuciya ko huhu. In cuta ɗaya ce take damunka kuma ta yi nisa, nemi wanda ya zurfafa a kanta. Amma in abin ya haɗe maka, ga suga ga hawan jini ga ƙafa ta fara kumbura, ni a ganina gara ka fara da wanda yake duba jikin gaba ɗaya, don shi zai lura cewa maganin ciwon gwiwa da kake sha kullum, su diclofenac da ibuprofen, suna iya taɓa ƙoda su kuma ɗaga jini.

Wajen da aka rubuta binciken ilimi da yake yi a cikin bayanin nan kuwa kar ya ruɗe ka, alama ce dai ta inda hankalinsa ya fi karkata, ba wai sauran cututtukan ba ya duba su ba.

Ranar ganinsa fa nan ne ake yawan yin sake. Kwashe duk magungunanka a leda ka tafi da su da kwalayensu, har na gargajiya da wanda ka saya da kanka, kar ka je kana cewa "wani ɗan fari ne ƙarami", fararen ƙwayoyi ai ba su ƙirguwa. Tafi da tsofaffin takardun gwaji. In kana da na'urar awon jini a gida, rubuta awon safe da yamma na kwana 7, don wani da ya ga likita jininsa yake hawa, awo ɗaya da ya kai 140/90 bai isa a yanke hukunci ba. Mai suga kuma ya tambayi gwajin HbA1c, shi yake nuna yadda sugan ya kasance wajen wata 3 baya, ko ka ƙaurace wa zaƙi jiya don za ka asibiti sai ya tona ka.

Kafin ka tashi daga kujerar nan, tambaye shi sunan cutar, wane magani za ka daina, da ranar da za ka dawo, ka rubuta a waya tun kana gabansa.