Yadda na gyara shafin shagona da ba ya fitowa a Google

Shafin da nake tallar turaren wuta ya daɗe a intanet, amma ko sunan shagon aka rubuta a Google ba ya fitowa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ciniki ne ke wucewa.

Na shiga Google Search Console, manhajar da ke nuna wa mai shafi yadda Google ke ganin shafinsa, na duba adireshin shafin, sai ga alamar noindex, wato umarnin kada Google ya nuna shafin. Tushenta na cikin saitin WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, ɓangaren Reading: wani ɗan akwati na ɓoye shafi daga masu bincike irin su Google, da masu gina shafi kan kunna kafin su gama aiki, aka bar shi haka. Na kashe shi, na tura wa Google taswirar shafin, wato jerin adireshin duk abin da ke cikinsa, na nemi ya sake duba shi. Bayan 'yan kwanaki ya fara bayyana.