Yadda ake kama kifi da koton bogi daga gaɓar Kogin Challawa

Fatsar da aka fi sani a Kano ta zama ce: a soka tana ko hanjin kaza a ƙugiya, a jefa, a kafa sanda a yashi, a nemi inuwa a jira. Akwai wata iri kuma da ba a sa mata nama ko kaɗan. Guntun ƙarfe ne mai walƙiya, ko ɗan kifin roba, wato koton bogi, ake jefawa ana jawowa har kifi mai farauta ya ɗauka abinci ne yake gudu, ya kai masa cafka. Ita wannan ba a yin ta a zaune, kuma ba kowane ruwa ne ke karɓar ta ba. A garin nan ma rabin aikin yana ƙarewa ne tun wajen zaɓen inda za ka tsaya.

Fara da neman ruwan da ya dace

Ka cire Jakara daga lissafi. Tun daga cikin Birni take kwasar ruwan kwatami, a gaba rafin Getsi ya zo mata da na masana'antun Bompai, su tafi tare har madatsar Wasai a Minjibir. Ko ka samu tarwaɗa a ciki, ba wadda za ka kai wa iyali ba ce. Haka kududdufan unguwanni.

Ruwan da ya rage wa mutumin birni shi ne na kudu, wato Challawa, wanda ke gangarowa daga madatsar Ƙaraye da aka gama a 1992, ya bi ta wajen Panshekara, ya haɗu da Kogin Kano a yankin Tamburawa, su nufi Wudil. Shi ma sai da lura. Kamfanonin jima da ke rukunin masana'antun Challawa, da rafin Salanta mai ɗauko dattin Sharaɗa, duk nan suke zuba, kuma ruwan jima yana ɗauke da sinadarin kuromiyom wanda ke taruwa a laka da jikin kifi. Don haka ka haura sama da inda magudanan suke shiga, ko ka koma ɓangaren Kogin Kano kafin mahaɗa, inda ruwan Tiga ke saukowa. Idan ka ga ruwa ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi, ga kumfa ta ƙi bajewa, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka tsaya gwaji. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga gwaji mai sauƙi: saka koton a ruwa a gabanka. In kana iya hango shi a zurfin kamu ɗaya, wurin zai yi. In ya ɓace da zarar ya nutse, kifi ma da ƙyar zai gan shi.

Wannan ne ya sa lokaci yake da muhimmanci. A tsakiyar damina, Yuli da Agusta, kogin jawur yake da laka, ga ƙarfi, gaɓa kuma tana zaftarewa. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ruwa ya fara kwanciya, ƙananan kifayen da aka ƙyanƙyashe da damina sun cika gefe, manya na bin su. A ganina babu lokacin da ya kai wannan. Da hunturu ya kankama kifi yakan yi sanyin jiki, sai rana ta ɗaga yake motsi. Da bazara kuwa ka fito bayan sallar asuba ka tashi kafin hantsi, ko ka dawo bayan la'asar.

Gaisuwa kafin jifa

Kogi yana da masu shi. Akwai masunta da Sarkin Ruwansu, akwai masu lambu da injinan ban ruwa, akwai masu ɗiban yashi. In ka tarar da dattijo yana gyaran birgi, wato ragar jefawa, ka yi sallama, ka ce, “Baba, sannu da aiki, fatsa na zo gwadawa, ina ne ba zan taɓa muku kaya ba?” Tambayar nan kaɗai za ta raba ka da rigima, domin mamari, dogon zaren nan mai ƙugiyoyi da yawa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ruwa, ba a ganin sa, kuma ƙugiyarka na kama shi ka yi wa mutum ɓarna. Sau da yawa ma shi zai nuna maka gurbin da tsage, kifin nan mai haƙora, ke korar ƙananan kifin kawara da safe. Kusa da inda hukumar ruwa ke zuƙar ruwan sha a Tamburawa kuwa, ka ba wurin tazara.

Kayan da za ka riƙe

Sanda mai tsawon mita 2 zuwa 2.4, da keken naɗe zare a jikinta. Zaren roba mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.30 ya isa. Sai ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake sawa tsakanin zare da koto don kada zaren ya murɗe, da filaya, da ƙaramar jaka ta rataya. Abin da ya wuce wannan nauyi ne kawai, kuma tafiya za ka yi.

Koto iri uku sun wadatar: cokali, wato ƙarfe mai lanƙwasa da ke rangaji a ruwa; mai farfela, wanda ɗan faifansa ke juyawa yana kaɗa ruwa; da ɗan kifin roba mai laushi da ake sokawa a ƙugiya mai kan dalma. Nauyin giram 7 zuwa 15. Fari mai walƙiya a ruwa mai haske, ruwan gwal ko jan ƙarfe in ruwan ya ɗan gurɓace.

Na kanti yana da tsada, kuma za ka yi asararsa a saiwoyi ko ka ƙi ko ka so, don haka ka koyi yin naka. Samu tsohon cokalin shayi, ka kai wa mai walda ya yanke mariƙin, ya goge bakin yankan, ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshe. Sa ƙaramin zobe irin na makulli a kowane rami. A faffaɗan ɓangaren ka rataya ƙugiya mai baki uku, a siririn ka sa mai juyawa. Ka goge cikin cokalin da toka har ya yi ƙyalli. Jawo shi a gefen ruwa ka gani: in yana karkata dama da hagu, ya yi, in yana juyawa gaba ɗaya, ka rage saurin ja ko ka ɗan buɗe lanƙwasar da guduma.

Inda ake samun tsage, sai ka ƙara siririyar waya mai tsawon taƙi ɗaya a gaban koton. Haƙoransa a waje suke, cizo ɗaya yake yi wa zaren roba.

Ƙulli kuwa, zura zaren ta ido, ka naɗe shi a jikinsa sau shida, ka mayar da bakin ta ƙaramar kafar da ke kusa da idon, sannan ta babbar kafar da ta samu. Jiƙa shi da yawu kafin ka ja, domin busasshen ƙulli yana ƙona zaren ya raunana shi.

Jifa da ja

Kada ka doshi bakin ruwa kai tsaye. Kifi yana jin takun ƙafa ta ƙasa, yana kuma ganin inuwa, kuma sau da yawa babban yana nan dab da gaɓa. Tsaya baya da taku uku, ka fara jefawa kusa, a tsawon gaɓar, kafin ka nemi nesa.

Danne zaren da ɗan yatsanka manuni, buɗe ƙarfen da ke tare zare a keken, waiwaya ka tabbatar babu yaro a bayanka (yara ba sa rabuwa da mai fatsa), kai sandar baya, ka wurgo ta gaba, ka saki yatsan daidai lokacin da kan sandar ya wuce saman kanka. Koton na faɗawa ka rufe ƙarfen da hannu.

Jefa shi tsallake, ka ɗan karkata wajen da ruwa ke fitowa, domin kifi yana fuskantar ruwa ne yana jiran abin da zai kawo masa. Ƙirga a zuci yayin da koton ke nutsewa. Jifan farko ka fara ja a ƙirga biyu, na gaba a huɗu, na gaba a shida, har ka ji ya taɓa ƙasa. In an cafka a huɗu, to ka san zurfin da suke ranar.

A wajen ja ne gwaninta take. Ƙarfe ba shi da rai sai wanda hannunka ya ba shi. Naɗa a hankali, ka tsaya daƙiƙa ɗaya, ka ɗan fizgi kan sandar, ka ci gaba. Kifin da ya ji ciwo haka yake tafiya, kuma mafi yawan cafka a wannan tsayawar take zuwa, lokacin da koton ya fara faɗuwa. Tsage ya fi son gudu, a sama-sama. Ragon ruwa da giwar ruwa, wadda an fi dacewa da ita a babban ruwa irin Tiga, suna son ƙasa da kusa da duwatsu. Tarwaɗa da gashin bakinta take neman abinci, ƙamshi take bi, don haka in ita kake so, gaskiya tana ta fi. Amma takan ɗauki ɗan kifin roba in ana jan sa a ƙasa sannu-sannu, ko mai farfela a gurɓataccen ruwa, saboda layin da ke gefen jikin kifi yana jin kaɗawar ruwa ko ido bai gani ba.

Wuraren da za ka nema: bayan ƙafar gada inda ruwa ke kewayawa, bakin ƙaramin rafi, gefen kacala, ƙarƙashin bishiyar da ta faɗa ruwa, da layin da ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce. Ka yi jifa goma zuwa goma sha biyar a wuri, daga hagu zuwa dama. In shiru, ka matsa gaba. Kamar mai talla kake, layin da ba a saya ba ba a kwana a cikinsa.

In ya kama

Za ka ji bugu, ko nauyi kwatsam. Ɗaga sandar da ƙarfi sau ɗaya, ka bar ta a lanƙwashe. Tun kafin jifa ka sassauta birkin keken yadda zare zai fita in an ja da ƙarfi, don kada ya tsinke. Kifi na gudu ka bar shi, yana tsayawa ka naɗa. Tsage zai yi tsalle yana girgiza kai. A lokacin ka sunkuyar da sandar gefe, zaren ya zauna a miƙe, in ba haka ba zai tofar da ƙugiyar. Jawo shi zuwa yashi mai gangare, kada ka ɗaga shi sama da sanda.

Da filaya ake cire ƙugiya, ba da yatsa ba. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya a fukafukan gefe, sukarsu tana kumbura hannu, sai ka riƙe ta bayan ƙayar. Wanda bai kai tafin hannu ba ka jiƙa hannu ka mayar da shi ruwa.

In koto ya maƙale, kada ka shiga ciro shi. Koma ɓangaren da ya saba wa inda ka ja, ka saki zare, ka fizga. In ya ƙi, naɗe zaren a guntun itace ka ja har ya tsinke. Inda aka ɗebi yashi akwai ramuka masu zurfi da ba a gani daga sama, mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa sai ƙasa ta ɓace masa. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan dodon koɗi a kwantaccen ruwa ta shiga ta fata. Sa takalmin roba mai tsawo, ka riƙe ruwan wanke hannu daga gida, kuma in ka ga jini a fitsari bayan wasu makonni, ka je asibiti ka gaya musu ka taɓa ruwan kogi. Guntayen zaren da ka yanke ka zuba a jaka, domin suna ɗaure ƙafar tsuntsaye da ta awakin da ke zuwa shan ruwa.