Yadda za ka kama memuwar kan kamyon lantarki a Damagaram

Ɗan'uwa in kana Jami'ar André Salifou kuma mushenka ya ba ka memuwar, wato aikin binciken gama karatu, kan maida motocin kaya su koma aiki da kura, wato wutar lantarki, don Allah kar ka fara da kwaso na Turawa a intanet. Za ka ga Suwidin sun ja waya bisa gudro a 2016, kamyo na tahiya yana shan wuta daga sama, Jamus ma sun gwada kusa da Frankfurt a 2019, abin sha'awa ne amma ba shi zai gaya maka abin da ke yiwuwa tsakanin Zinder da Agadas ba.

Tasha za ka fara zuwa. Ka ɗau littafi da biro ka zauna da direbobi, ko ma karen mota don shi ya hi sakin baki, ka tambaya tan nawa suke ɗauka, litar gazuwal nawa suke sha zuwa da dawowa, ina suke tsayawa cin abinci da salla, awa nawa suke kwana wajen lodi. Wannan tambayar ta tsayawa kar ka raina ta, inda mota ke tsayawa nan ne wurin caji zai zauna. Ka je da kuɗin shayi, ba a yi wa direba tambaya da hannu sake.

To sai lissahi, nan ne aikin yake. Babban kamyon lantarki da kaya yana cin kamar kilowat-awa 1 zuwa 1.5 kowace kilomita, kai ɗauki na sama saboda halin hanyarmu da yadda ake laftar kaya. Agadas wajen kilomita 450 ne, ke nan kilowat-awa 675 zuwa kaɗai. In so kake a cika batirin cikin awa guda sai da kilowat 675, kamyo goma su jona lokaci ɗaya an kusa megawat 7, wato duk ƙarhin tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018. Ka sa wannan a shafin farko-farko, malaman da za su saurare ka za su gyara zama.

Daga nan ka dubi layin wuta. Kurarmu ta Zinder da Maraɗi daga wajen Katsina take shigowa, kuma kowa ya tuna watan Ogusta 2023 da Najeriya ta yanke, sai cikin Maris 2024 aka maido. Ka rubuta takarda ta hannun sashenku zuwa kamfanin wuta na Nigelec ka nemi alƙaluman yawan wutar da gari ke ja dare da rana, ka kai da wuri kar ka bari sai sutnans, ranar kare aikinka gaban malamai, ta ƙarato.

Sai ka gwada da pano na hasken rana. Kilowat 1 na pano a ranarmu yana ba da wajen kilowat-awa 5 a yini, kamyo guda ke nan sai pano na kilowat 135, a Tanut misali. Ka rage wani abu don ƙurar hunturu, ka kuma tuna zahin Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40 yana tsufar da batiri da sauri.

Kuɗi kuma ka yi gaskiya, matatar mai ta SORAZ na nan bakin ƙofa tun 2011, mai ƙarhin tace ganga 20,000 a rana, gazuwal ba daga nesa yake zo mana ba.

Ni dai da ni ne, babi na ƙarshe kan dogon baro zan yi shi, masu jigilar kaya daga Kasuwar Dole zuwa unguwanni, tahiyarsu gajera ce, in sun koma lantarki batirinsu ƙarami ne, pano kaɗan ya ishe su. Ka samu mutum biyar ka bi su sati guda da talho mai GPS kana rubuta kilomita da kuɗin isans na kowace rana.