Idan ka tsinci jemage mai rauni a gida

Da farko dai kar ka taɓa shi da hannu tsirara, wallahi ba wasa ba ne, jemage na iya ɗaukar cutar nan ta haukan kare kuma haƙoransa ƙanana ne sosai sai ya cije ka ba ka ma ji ba. A kori yara da mage daga wajen tukunna.

Sai ka sa safar hannu mai kauri, ka rufa masa tsohon tawul ka ɗauke shi a hankali ka sa a kwali. Ka huhhuda kwalin da ƙusa, ka rataya tsumma a ciki don shi kai ƙasa yake kwana, ruwa kuma ɗan kaɗan a murfin gora, banda madara. Ka rufe kwalin ruf, ƴar kafa ma ta ishe shi ficewa, sannan ka aje a wuri mai duhu ba hayaniya.

In fiffike ne ya karye kar ka ce za ka yi ɗori, kai shi asibitin dabbobi.

In ko ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ka wuce asibiti ranar a fara maka allurar rigakafi.